Zaman shekara biyu a kan hanya da jaka ɗaya

Ƙanena, ka rubuto cewa ka samu aikin da ake yi ta intanet, kuma kana son ka yi shekara biyu kana zama wata biyu ko uku a gari guda kafin ka ƙara gaba, daga Accra zuwa Nairobi, daga nan Alƙahira, Istanbul da Kuala Lumpur. Ka tambaya ko da gaske ne mutum zai iya irin wannan rayuwa da jaka ɗaya, alhali kayan da ka ware tun yanzu sun cika manyan akwatuna biyu. Zai yiwu ƙwarai, domin na yi shekara tara aikina yana ɗauke ni daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma shida daga cikin shekarun nan na yi su ne da jakar goyo guda wadda ba ta taɓa wuce kilo 8 ba. Sai dai kafin mu zo kan abin da za ka saka da wanda za ka cire, akwai wani lissafi da ya kamata ka gyara a zuciyarka, don shi ne ya cika maka akwatunan nan biyu.

Kana haɗa kaya ne gwargwadon tsawon tafiyar, kamar mai shirin shiga dajin da babu kasuwa a cikinsa. Tsawon tafiya ba shi da hannu a yawan tufafin da kake buƙata; abin da ke yanke wannan shi ne kwanakin da ke tsakanin wanki da wanki. Wanda yake wanki kowane kwana biyar ko shida, kayan mako ɗaya sun ishe shi, ko tafiyar ta kwana goma ce ko ta shekara goma. Duk garuruwan da ka lissafa suna da ruwa, da sabulu, da kasuwa, da tela, kuma miliyoyin mutanen da ke zaune a cikinsu a nan suke sayen duk abin da suke sawa. Idan ka zazzage akwatunanka ka duba da idon gaskiya, za ka tarar rabin abin da ke ciki kayan ko-ta-kwana ne, wato abubuwan da ka saka don tsoron wata rana da wataƙila ba za ta zo ba, kuma idan ma ta zo, kuɗi kaɗan za su biya buƙatar a inda kake.

Akwai kuma abin da ke ruɗar matafiyin da ya tashi daga Kano ko Abuja: tikitin tafiya mai nisa sau da yawa yakan zo da izinin akwati biyu, kowanne kilo 23, sai mutum ya ji kamar asara ce ya bar wannan dama. Wannan izini na tikitin farko ne kaɗai. Da zarar ka fara sayen tikiti mai sauƙin kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasa, labarin ya sauya, domin kamfanoni irin su AirAsia suna cajin kowane akwati daban, kuma abin da suke bari ka shiga da shi kyauta kilo 7 ne jimilla. Emirates da Qatar Airways da Ethiopian Airlines ma kilo 7 suke ba mai ƙaramin tikiti a jakar hannu, Turkish Airlines kuwa kilo 8. Girman jakar yana kaiwa kusan santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 20 zuwa 23 a kauri, kowane kamfani da ɗan bambancinsa, saboda haka ka riƙa duba ƙa'idar kamfanin kafin kowace tafiya. Wannan kilo 7 shi ne ma'aunin da za ka gina komai a kansa.

Dalilin da ya fi tsimin kuɗi muhimmanci a wurina shi ne tsaro. Kayan da ka miƙa a wurin awo sun fita daga hannunka har sai kun sauka, kuma idan suka ɓata, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade iyakar diyyar da kamfani zai biya, wadda a yanzu take kusan dala 2,000, ita ma sai bayan cike takardu da dogon jira. Na taɓa yin kwana goma sha ɗaya a wani gari ina jiran akwatin da wani kamfani ya bari a filin da muka canja jirgi, cajar kwamfutata da maganina duk suna ciki, kuma tun daga ranar na daina raba kaina da abin da ba zan iya aiki ba sai da shi. Ka tuna kuma da ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, bayan wasu ɓata-gari sun liƙa sunanta a jikin jakar da ke ɗauke da ƙwayar tramadol ba tare da saninta ba. Sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta. Wanda bai miƙa kaya a wurin awo ba, kuma tikitinsa ya nuna haka, yana da hujja mai ƙarfi a hannunsa idan irin wannan ta taso.

Abu na farko da za ka saya tun kafin jaka shi ne ƙaramin sikeli, irin na kicin mai nuna giram, da kuma na ratayawa mai ƙugiya. Ka auna kowane abu ɗaya bayan ɗaya ka rubuta a takarda, domin ido yana yaudara, hannu ma haka. A nan za ka gano cewa ƙaramin akwati mai taya, ba komai a cikinsa, yakan ci kilo 2 da rabi zuwa 3, wato fiye da sulusin abin da aka ba ka, alhali jakar goyo mai ɗaukar lita 35 zuwa 40 ba ta cika wuce kilo 1 da ɗan abu ba. Ka nemi wadda take buɗewa gaba ɗaya kamar akwati, mai ɗamara a ƙugu domin nauyin ya sauka daga kafaɗa, mai launin da ba ya jan ido. Taya tana da daɗi a kan daɓen filin jirgi, amma ba ta da amfani a bayan babur, ko a titin da ruwa ya cinye, ko a matakalar bene mai hawa huɗu, kuma mafi yawan ɗakunan haya masu rangwame a irin waɗannan wurare suke.

Idan ka cire nauyin jakar kanta, ka cire kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ya kamata kada ta wuce kilo 1 da rabi, ka cire caja da sauran wayoyi, abin da ya rage wa tufafi bai fi kilo 3 ba. A nan ne aikin yake, kuma a nan ne Bahaushe yake da matsalar da sauran matafiya ba su da ita, domin kayanmu na mutunci masu nauyi ne. Na ɗora kaftanin shadda da wandonsa a kan sikelina ya doshi giram 900, babbar riga mai aiki kuwa ita kaɗai ta haura kilo ɗaya, ga ta kuma ba ta fita sai da guga, wani lokaci har da bugu. Shawarata ita ce ka je wurin telanka da yadi mara nauyi wanda ba ya saurin yamutsewa, ya ɗinka maka kaftani biyu masu sauƙin aiki, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, a yi wandunan yadda kowanne zai shiga da kowace riga. Ɗaya ka ajiye shi na Juma'a da Idi da ranar da za ka je ofishin jakadanci, ɗayan na yau da gobe. Ka ƙara hula ɗaya wadda take ninkuwa ba ta lalace ba.

Ban yarda da masu cewa a yar da duk abin da ba na dole ba, har mutum ya koma riga baƙa ɗaya tak kamar ba shi da asali. Na taɓa ganin Fulani Woɗaaɓe suna tashi daga masauki a yankin Ingal na ƙasar Nijar, lokacin da makiyaya ke taruwa can a ƙarshen damina domin dabbobi su lashi gishiri. Cikin ɗan lokaci aka ɗaure gida sukutum a bayan jakuna da takarkari, amma duk da ƙarancin kayansu, matan sun ware wuri na musamman ga ƙorensu na ado, an jera su cikin juna an naɗe da kulawa. Mutanen da suka fi kowa sanin tsadar nauyi ba su bar abin da ke nuna ko su wane ne ba. Kaftaninka mai kyau shi ne ƙoryar adonka, kuma ranar da ka shiga masallaci a baƙon gari wani ya gane ka ta hularka ya yi maka sallama da Hausa, za ka san giram ɗin nan ba su tafi a banza ba.

Sauran tufafin ba su da wuyar lissafi: riguna marasa nauyi huɗu, dogon wando biyu wanda ɗaya yana jikinka ranar tafiya, gajerun wanduna na ciki biyar, singileti biyu, safa ƙafa uku, da jallabiya ɗaya mai laushi wadda za ta yi maka kayan barci, kayan zaman ɗaki, da abin sawa ranar wanki. Abin lura a nan shi ne saurin bushewa. Wanda ya saba da shanya a Kano lokacin hunturu, inda riga ke bushewa kafin ka gama cin abinci, zai sha mamaki a Accra da damina ko a Kuala Lumpur kowane lokaci, domin iskar can cike take da laima, kuma wandon jins mai kauri yakan kwana biyu a kan igiya ya fara warin ruma bai bushe ba. Ka gwada kowace riga a gida: ka wanke ta da dare, ka matse, ka naɗe ta cikin tawul ka taka da ƙafa domin tawul ya tsotse ruwan, sannan ka rataye ta a cikin ɗaki. Wadda ba ta bushe ba zuwa safiya, ka bar ta a gida. Rigar da aka saƙa da lallausan gashin tumakin merino tana da tsada, amma ana iya sa ta kwana biyu ko uku ba ta yi wari ba, don haka guda ɗaya ta cancanci kuɗinta.

Batun sanyi ne yake sa mutane da yawa su karaya su koma ga babban akwati. Nairobi tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, kuma a watannin Yuni da Yuli dare yana da sanyin da zai sa ka nemi bargo. Istanbul kuwa a Janairu har ƙanƙara takan sauka. Dabarar ita ce sawa bisa sawa: riga mai kama jiki a ciki, suwaita mara kauri a kanta, sannan siririyar rigar da ke tare iska da ruwan sama a waje. Waɗannan ukun tare sun fi babbar rigar sanyi guda amfani, domin kowacce tana aiki ita kaɗai a wani yanayin. Idan ka tsara tafiyarka yadda za ka isa Turkiyya a tsakiyar sanyi, kada ka yi wata shida kana jan kwat daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka saye shi a kasuwar gwanjo idan lokacin ya matso, kamar Gikomba a Nairobi, wadda za ta tuna maka da Ƙofar Wambai, idan sanyin ya wuce kuma ka ba wani mabuƙaci sadaka. Takalmi biyu sun isa, kambas mai ƙarfi a ƙafarka da silifas na roba a jaka don wanka da alwala.

Kayan ibada ba su da nauyi idan aka zaɓa da kyau. Akwai siririyar sallaya da ke ninkuwa ta shiga aljihu, kuma gorar ruwa ta roba mai murfi tana yin aikin buta a inda ba a tanadi ruwa a bayan gida ba. Wani babban ƙyalle, ko rawani ko zane na yadi biyu, shi ne abin da na fi mora a duk jakata, domin ya yi mini tawul, ya yi mayafi a cikin jirgi, ya yi labule, ya yi zanen gado a masaukin da ban yarda da tsabtarsa ba. 'Yan'uwa mata da za su karanta wannan sun riga mu sanin darajar zane. Abin da zan ƙara musu kawai shi ne abaya biyu marasa nauyi da mayafai uku masu launi daban-daban suna ba da kamanni iri-iri fiye da atamfa biyar.

Tun shekarar 2006 aka kafa dokar da ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100, kuma ko da wasu filaye sun fara sassautawa saboda sababbin na'urorin bincike, ka ɗauka dokar tana nan a ko'ina. Sabulun sanda ba ya cikin wannan lissafi, kuma guda ɗaya mai kyau zai yi maka wanka da wankin kaya. Asuwaki ma haka. Turare ka zuba shi a 'yar ƙaramar kwalba mai murzawa. Wuƙa ba ta wucewa, almakashi ma sau da yawa ana karɓewa, saboda haka abin yankan farce ya wadatar. Kada ka naɗe kayanka cikin leda kamar yadda muka saba, domin Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Ka ɗinka 'yan ƙananan jakunkunan yadi masu zif ka raba kaya a cikinsu, wanda hakan zai sa ka iya zaro abu ɗaya ba tare da ka watsa sauran ba.

Kayan lantarki ka tattara su a kan caja ɗaya mai ƙarfi, mai ramuka biyu ko uku na USB-C, wadda za ta ciyar da kwamfuta da waya lokaci guda. Soket mai baki uku irin na Najeriya shi ne a Gana da Kenya da Maleshiya, amma Masar da Turkiyya suna amfani da mai zagayayyen baki biyu irin na Nijar, saboda haka ƙaramin mahaɗin fulogi guda ya zama dole. Batirin ajiyar caji kuwa a jakar hannu kaɗai ake yarda da shi, kuma iyakarsa ba tare da neman izini ba ita ce Wh 100 (Wh ma'aunin ƙarfin batiri ne). Wanda aka rubuta mAh 20,000 a jikinsa yana kusan Wh 74, don haka yana wucewa lafiya, sai dai ka tabbata rubutun ƙarfinsa bai goge daga jikinsa ba, domin jami'in da bai ga lambar ba yana iya karɓe shi. Ka kuma kula da layin wayarka na gida, wanda ta kansa banki ke turo maka lambar sirri: ka riƙa sa masa kati kana amfani da shi lokaci-lokaci, don layin da ya daɗe a kwance kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani.

Yanzu ga abubuwan da kasuwa ba za ta ba ka ba idan suka ɓata, waɗanda su ne ya kamata tsoronka ya koma kansu. Fasfo ya kasance da sauran wa'adi mai tsawo da shafuka da yawa, domin ƙasashe da dama ba sa karɓar wanda ya rage masa ƙasa da wata shida, kuma sabunta shi a ƙasar waje wahala ce. Katin rigakafin cutar shawara ka riƙe shi kamar fasfo. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ingancinsa na tsawon rai, amma za a nemi ka nuna shi a iyakoki da yawa tunda daga ƙasar da cutar take ka fito. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a intanet, ka buga kwafi biyu, ka bar ɗaya a gida wurin wanda ka amince da shi. Katin banki ya zama biyu daga bankuna daban-daban, kada su zauna a aljihu ɗaya, tare da 'yan daloli sababbi na gaggawa. Idan kana shan magani kullum, ka tafi da na wata uku a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin maganin, domin sunan kasuwa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Tramadol da duk maganin da ke da kodin kada ka kusance su ba tare da cikakkiyar takarda ba, don a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna kai mutum kurkuku.

Ranar da za ka tashi, gida za su haɗa maka guzuri, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ce wa mahaifiyarsa a rage. Ka karɓi yaji da ɗan garin kuka a mazubi mai rufuwa da kyau, suna da sauƙi kuma suna gyara abincin baƙon wuri. Kilishi da dambun nama ka cinye su kafin ka sauka, domin ƙasashe da yawa, ciki har da na Tarayyar Turai da Amurka, sun hana matafiyi shiga da nama. Idan kuma hanya ta bi da kai Umra, ka bar goro a gida, tunda hukumomin alhazai sun sha gargaɗi cewa Saudiyya ba ta yarda da shi. Saƙo kuwa, ko daga wa ya fito, kada ka karɓi ƙunshin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kuma jakar da ta riga ta cika kilo 7 uzuri ce da ba wanda zai yi jayayya da ita. Tsaraba ma haka: kada ka tara ta gari-gari kana ja, ka bari sai zangon ƙarshe ka sayi akwati mai araha ka cika shi ka biya kuɗin awonsa sau ɗaya. A tsakanin nan, duk lokacin da sabon abu ya shiga jakar, wani tsoho ya fita.

Akwai yanayin da jaka ɗaya ba za ta yiwu ba, kuma ba laifi ba ne. Mai tafiya da ƙaramin yaro, ko mai na'urar jinya, ko wanda sana'arsa take buƙatar manyan kayan ɗaukar hoto, dole ya ƙara akwati. Kai da aikinka bai wuce kwamfuta da intanet ba, ba ka cikin waɗannan.

Tunda ka ce saura wata biyu ka tashi, kana da lokacin gwaji a gida. Ka haɗa jakar yadda na bayyana, ka kulle sauran kayanka a ɗaki ka ba wani mabuɗin, ka yi mako biyu cur ba ka taɓa komai ba sai abin da ke cikinta, har da zuwa Juma'a da wankin dare a bokiti. Wata rana kuma ka goya ta ka yi tafiyar rabin sa'a a ƙasa da tsakar rana, domin kafaɗarka ta gaya maka abin da sikeli bai faɗa ba. Bayan mako biyun, ka zazzage ta a kan tabarma, ka ware abin da ba ka taɓa ba ko sau ɗaya, ban da magani da takardu da kayan sanyi, ka cire shi. Abin da ka rasa har ya dame ka kuma ka rubuta shi, ka auna nauyinsa, ka ga me zai fita ya ba shi wuri. Idan ka gama, ka turo mini takardar awon da jimillarta, mu duba tare inda za a ƙara ragewa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.